Ruwa da maganaɗisu: zafi ne ke canja min sakamako, ko kuskurena ne?

'Yar Gangare ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah masana fizik ku kawo min ɗauki, kaina ya ɗaure. Ina ajin ƙarshe a nan Jos, aikin da aka ba ni shi ne in auna yadda ruwa ke amsa maganaɗisu, in kuma duba ko zafi yana taɓa shi. Hanyar Quincke nake bi: bututun gilashi mai siffar U, ƙafa ɗaya mai faɗi, ɗayar siririya, na saka siririyar a tsakanin bakin maganaɗisun lantarki. In na kunna, sai ruwan ya ɗan sauka. Ranar farko da na ga haka a maikiroskof sai da gabana ya faɗi, ashe ruwan da muke alwala da shi gudun maganaɗisu yake yi!

Ga matsalar. Da safe, cikin sanyin hunturun nan da yatsa ke ƙin kama biro, ruwan yana digiri 15, ƙarfin maganaɗisun tesla 0.8, na samu saukar milimita 0.24. Na ɗumama ruwan zuwa digiri 60, bayan azahar na sake aunawa, sai na samu 0.21. Kwana uku ke nan haka yake fitowa. In rubuta cewa zafi na rage shi da kusan kashi 12 cikin 100? Zuciyata ba ta kwanta ba.

Tsohon Malamin Fizik ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Gara da zuciyarki ba ta kwanta ba, kada ki rubuta tukuna. Awonki na safe yana da kyau. Adadin da ke nuna yadda ruwa ke amsa maganaɗisu a digiri 20 shi ne kusan −9.0 × 10⁻⁶, kuma in kin yi lissafin da tesla 0.8, abin da kika gani ne zai fito. Na azahar ɗin ne nake tuhuma.

Dokar Curie da kuka karanta, wadda ta ce amsar tana raguwa in zafi ya ƙaru, ta abubuwan da maganaɗisu ke ja ce, irin gishirin ƙarfe da na manganis. Ruwa ba ya cikinsu. Shi ture shi maganaɗisu ke yi, turewar kuma daga zagayen elektiron a cikin ƙwayoyin zarrar ruwan take fitowa, zafi kuwa da ƙyar yake taɓa wannan. Daga digiri 20 zuwa 60, amsar kowane giram na ruwa ƙaruwa ma take yi, da kamar rabin kashi ɗaya cikin 100. Ta kowace lita kuwa tana ɗan raguwa, domin litar da ke giram 998 ta koma 983. A bututunki, amsar giram ce ke nuna kanta, wato canjin kusan milimita 0.001 ne kawai. Maikiroskof ɗinku 0.01 yake karantawa. Kin ga ko ba zai gani ba.

Tambayata ɗaya: da kika dawo da rana, kin sake auna maganaɗisun, ko lambar safe kika ɗauka? Wayar tagullar da aka naɗa a maganaɗisun in ta yi zafi tana ƙara tauye wuta, kusan kashi 0.4 a kowane digiri, sai ƙarfin maganaɗisun ya ragu. Ki ɗora tafin hannunki a kan naɗin wayar bayan awa biyu, za ki ji. Saukar ruwan kuma da ninkin ƙarfin maganaɗisu a kansa take tafiya, in ya ragu da kashi 6, ita ta ragu da 12.

Ɗan Kubwa ya amsa:

Ƙanwata, Malam ya gama magana. Abin da ya ba ni wahala a nawa lokacin shi ne bakin ruwan da kansa. Ruwan ɗumi yana hucewa kina cikin karatu, yana tsukewa, layin yana ta tafiya ko ba a kunna komai ba. In bututun da maiƙo kuma, sai ruwan ya maƙale a gilashi. Ki wanke shi tas, ki yi amfani da tataccen ruwan tururi, ki karanta a kashe, a kunne, a kashe kuma, cikin minti ɗaya. Kada ki manta da iskar da ke saman ruwan: oksijin ɗinta maganaɗisu na jan sa, gyaran da za ki yi wa sakamakonki saboda shi ya kai kashi 4. Ku da kuke kan tsauni, sama da mita 1,200, naku ya ɗan gaza namu na Abuja.

'Yar Gangare ta sake rubutawa:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Wallahi lambar safe na ɗauka, ban sake aunawa ba. Yau na tsaya a kan mitar: amfiya 4.0 da ƙarfe tara, da ƙarfe ɗaya ta sauka 3.7, naɗin wayar kuwa kamar murfin tukunya. Na mayar da wutar daidai, na bi shawarar Yaya, ruwan sanyi da na ɗumi duk suka ba ni 0.24. Gobe zan nuna wa mai duba aikina, in roƙe shi ya bar ni in ƙara ruwan gishirin manganis a gefe, don a ga bambancin su biyun a takarda ɗaya. Malam, giram nawa zan narkar a mililita 100 don hawan ya fito sosai?