Neman kalmar Hausa: me za mu kira "spell" da "power" a takardar jarumi?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Ana shirya takardar jarumi da Hausa domin wasan kwaikwayo na tebur, wanda kowa ke riƙe jarumi guda, jagora yana jan labari, dayis, wato 'yar ƙwayar da ake jefawa mai lambobi a fuskokinta, yana yanke hukunci. Sunayen siffofi shida sun zauna: ƙarfi, zafin nama, juriya, kaifin ƙwaƙwalwa, basira da kwarjini. Inda aka cije shi ne akwatuna biyu. Na farko "spell" na Dungeons & Dragons, na biyu "power" na wasannin jarumai masu abin mamaki irin Mutants & Masterminds. An kawo shawarar a kira su duka sihiri a huta. Ina neman ra'ayin waɗanda suka san ƙa'idojin, don kalmar da za a sa sai ta iya zama a bakin mai wasa sau hamsin a zama ɗaya.

Ɗan Lissafi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kalma ɗaya ba za ta ɗauke su ba, domin a lissafi abubuwa biyu ne daban. Ɗauki masihirci a mataki na 1 a bugun 2014 na Dungeons & Dragons. Yana da "spell" guda 6 rubuce a littafinsa, amma ba duka yake fita da su ba. Idan kaifin ƙwaƙwalwarsa 16 ne, ƙarinsa +3 ke nan, a haɗa da matakinsa, sai ya shirya 4 a rana. Cikin 4 ɗin nan sau 2 kacal zai saki kafin ya huta, kuma dogon hutu na awa 8 ne ke mayar masa da rabonsa gaba ɗaya. Abu ne da ake ƙirgawa, ake kashewa, yake ƙarewa. Shi kuwa jarumin da ke tashi sama a Mutants & Masterminds ya sayi tashin da maki tun ranar da aka gina shi, maki 2 a kan kowane hawa, kuma zai tashi safe da yamma ba wanda zai ce ya cinye rabonsa. Sihiri sunan fannin ne gaba ɗaya. Ba a cewa "saura mini sihiri biyu", kunne ba ya karɓa.

Uwar Dayis:
Na goyi bayansa. Ga na farkon ina kawo surkulle. Tsafi ya yi nauyi, yana jawo maganar bauta, kuma mutane da yawa za su ajiye takardar da zarar sun gan shi. Siddabaru da rufa-ido sun fi karkata ga yaudarar ido, alhali ƙwallon wuta da ke cin dayis 8 masu fuska 6 ba yaudara ba ce, ƙona abokin gaba take yi. A bar rufa-ido ya zama sunan reshe ɗaya, reshen da ke nuna abin da babu. Surkulle kuwa abu ne da ake haddacewa, ake furtawa a tsare, ake iya rubutawa a littafi. Kuma yana ƙirguwa: surkulle 4 na shirya, 2 na saki.

Mai Fassara:
Malama, akwai abin da ke damuna da surkulle. A Hausa maganar baki ce, har ana kiran zancen da ba kai ba gindi da shi. To waɗanda ba a furta komai a cikinsu fa?

Uwar Dayis:
Tambayar tana kan hanya, Malam. Ƙa'ida ta raba abin da kowanne ke bukata gida uku: furuci, motsin hannu da kayan haɗi. Mafi yawansu suna da furuci, shi ya sa idan aka toshe bakin masihirci ko aka jefa shi cikin da'irar shiru, kusan an gama da shi. Akwai ƙalilan marasa furuci, kamar wanda ake karya surkullen wani da shi, wanda a bugun 2014 motsin hannu kaɗai yake so. Waɗannan sai a ce surkullen hannu, ba abin da ya ɓaci. Ma'anar zancen banza kuma ba za ta biyo mu tebur ba, don da zarar mutum ya ga an rubuta lamba da nisan zango da adadin dayis a gefensa ya san me ake nufi.

Jagoran Tebur:
Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba wannan ba ne, "slot" ne da kuma kalmar mataki. A nan sababbin 'yan wasa ke faɗuwa, kuma Turancin ne ya haƙa ramin, don kalma ɗaya yake amfani da ita ga hawan jarumi, daga 1 zuwa 20, da kuma girman surkulle, daga 1 zuwa 9. Yaro ya kai mataki na 3 sai ya miƙa hannu ga ƙwallon wuta don ya ga 3 a gefenta, alhali sai a mataki na 5 zai same ta, surkullen da ke da 9 a gefensa kuwa sai a mataki na 17. Tunda mu ke zaɓen kalmomi, kada mu gaji wannan ruɗani. Jarumi yana da mataki, surkulle yana da daraja. Surkulle mai daraja ta 3, jarumi a mataki na 5. Magana ta fita fes.

"Slot" kuma gurbi ne. Gurbi wuri ne da ake sa abu ya zauna, kuma ƙaramin abu yana shiga babban gurbi, babba ba ya shiga ƙarami. Haka ƙa'idar take daidai. Masihirci a mataki na 3 yana da gurbi 4 masu daraja ta 1 da 2 masu daraja ta 2. Yana iya sa kiban sihiri, waɗanda asalinsu 3 ne, cikin gurbi mai daraja ta 2, sai su fito 4. Amma ba zai cusa surkulle mai daraja ta 2 a ƙaramin gurbi ba. A takarda a zana gurabe kamar 'yan da'irori, a soke ɗaya da fensir duk lokacin da aka saki, a goge bayan hutu. Da biro aka soke, zama uku takarda ta lalace.

Ɗan Lissafi:
Gurbi ya zauna daram, Yaya. Yana ma bayyana bambancin masu surkullen. Masihirci da karatu ya samu, littafi yake ɗauka. Wanda aka haife shi da abin a jini, ina ganin hatsabibi ya dace da shi: a mataki na 1 surkulle 2 kaɗai ya sani, gurbi 2, kuma kwarjini ne jarinsa. Na uku shi ne wanda ya ƙulla alkawari da wata halitta mai ƙarfi, mai alkawari ke nan, gurbinsa 1 tak a farko amma yana dawowa bayan gajeren hutu na awa 1.

Tunda ana maganar gina su, ga kuskuren da ya fi yawa. A tsarin sayen siffofi da maki 27, lamba 13 tana cin 5, 14 tana cin 7, 15 tana cin 9. Mutum zai zuba 9 a ƙwaƙwalwa, ya watsa sauran a kwarjini da ƙarfi, ya bar juriya a 8. Sai ya tashi da makin rai 5, kuma duk surkullen da ke bukatar tattara hankali yana saurin tsinkewa idan an taɓa shi, don jifan dayis na tsira ake yi da juriya, a kan 10 ko rabin raunin, wanda ya fi yawa. Rabon da ke aiki: ƙwaƙwalwa 15, juriya 14, zafin nama 14, basira 12, sauran biyun 8. Ya cika 27 cif. Idan ƙarin da asalin jarumi ke bayarwa ya ɗaga 15 zuwa 16, lambar da abokin gaba zai tsallake ta zama 13, wato 8 da 2 na ƙwarewa da 3 na ƙwaƙwalwa, makin rai kuma 8.

Mai Fassara:
Madalla. To akwati na biyu. Ƙarfi ya riga ya tafi ga siffa ta farko, iko kuma kamar na sarauta ne. Baiwa fa?

Uwar Dayis:
Baiwa nake so. Abu ne da ke jikin mutum, ya bambanta shi da sauran jama'a, ba ya ƙarewa da amfani, kuma jam'inta yana da sauƙi a takarda: baiwa 3, baiwa 5.

Jagoran Tebur:
Ni ina da ja a nan, 'yar uwa. Baiwa kyauta ce da aka halicci mutum da ita. Jarumin da ya ƙera sulke mai harba wuta fa? Idan aka tuɓe masa sulken ya koma kamar kowa. Ƙa'ida ma ta san da haka, shi ya sa take rage farashi: abin da ake iya cirewa ana sauke maki 1 daga kowane 5, wanda ake fizgewa cikin sauƙi a tsakiyar faɗa ana sauke 2. Sulke mai darajar maki 50 ya koma 40, sanda mai darajar 50 ta koma 30. Wannan ba baiwa ba ce a kunnen Bahaushe. Buwaya ta fi faɗi, don tana nufin abin da ya gagari mutane, ko daga ina ya fito.

Ɗan Lissafi:
Hujjarka tana da ƙarfi, Yaya, sai dai buwaya tana alkawarin abin da wasan ya hana. Tun daga Champions na 1981, ginshiƙin waɗannan wasanni shi ne babu wanda ya buwaya. A Mutants & Masterminds ana farawa yawanci a mataki na 10 da maki 150, kuma akwai rufi: ƙwarewar kai hari da ƙarfin bugu idan an haɗa ba sa wuce 20, haka kaucewa da taurin jiki. Wanda ya ɗauki bugu 14 saitinsa ya tsaya a 6, wanda ya ɗauki taurin jiki 14 kaucewarsa 6. Ka rubuta buwaya a saman akwati, mai wasa zai zo yana neman jarumin da ba a iya taɓawa, jagora ya kwana yana hana shi.

Maganar sulke kuwa tsarin da kansa ya warware ta, don ya raba aiki da tushe. Aikin shi ake biya: rauni daga nesa maki 2 ne kowane hawa, hawa 10 maki 20, ko wuta ce ko tsawa ko harsashi. Tushen kuma bayani ne da ba a biya, amma shi ke nuna wa zai iya tare abin. Sai a yi layi biyu. Baiwa: rauni daga nesa, hawa 10. Tushe: na'ura, ana cirewa. Wanda nasa na jini ne ya rubuta jini, na sihiri ya rubuta sihiri. Kada a bar layin tushe fanko, don ranar da aka haɗu da mugu mai kashe na'urori gardama za ta tashi kan wa abin ya shafa.

Jagoran Tebur:
Idan layin tushe zai zauna a ƙarƙashinta dole, na yarda da baiwa, ko da yake har yanzu baiwar na'ura tana ɗan yi mini karo a kunne. Ina roƙon a ƙara layi na uku, lago. Kowace baiwa babba a rubuta inda lagonta yake, don matsalolin da jarumi ke ɗauke da su su ne ke samo masa makin jarumta idan sun taso a labari, kuma su ne abin da jagora ke kamawa ya gina zama.

Mai Fassara:
An sa lago. Saura ƙananan surkullen nan da ba sa cin gurbi, waɗanda masihirci ke da 3 a farko, hatsabibi 4, mai alkawari 2.

Uwar Dayis:
Ɗan surkulle, jam'i 'yan surkulle, a ba su daraja ta 0 a saman jeri, ba tare da da'irar sokewa ba. A kuma kula da aikatau: a ce ya saki surkulle, kada a ce ya jefa, don jifa na dayis ne, kuma a zagaye ɗaya mai wasa yakan yi duka biyun: ya saki ɗan surkullen wuta, sannan ya jefa dayis mai fuska 20 ya ga ko ya samu.