Kurege ne ke korar sha-fure daga lambun gida?

Daga jihar Meriland ta Amurka: Salamu alaikum. Masu rataya gorar ruwan suga don ɗan tsuntsun nan da Amurkawa ke kira hamingbad, mu kuma mu ce sha-fure: a watan Mayu suna zuwa sosai, Yuni na kamawa sai ɗif, ga kuregen bishiya ya cika ko'ina. Shi ne ke korarsu?

Daga Jojiya: Wa alaikumus salam, Malam. Ka sassauta wa kurege tukuna, ka duba watan da ake ciki. A gabashin Amurka sha-fure iri ɗaya tak ke haihuwa, mai jan maƙogwaro, kuma Yuni lokacin sheƙa ne. Macen ita kaɗai ke gini, ta yi ƙwai 2, ta kwanta kansu wajen mako 2, 'ya'yan su yi kusan mako 3 kafin su tashi. A tsakanin nan ƙananan ƙwari take farauta musu, ga fure ya buɗe ko ta ina, gorarka ba ta dame ta ba. Ƙarshen Yuli zuwa Agusta za ka ga sun dawo har da sababbin tashi.

Daga Kalifoniya: Haka ne, Yaya, amma kurege ma ba waliyyi ba ne. Ba ya iya kama sha-furen da ya girma, ina zai cim masa? Gorar yake lalatawa. Yana saukowa ta igiya, ya karkata ta ya lashe, ko ya gwigwiye bakin robar har ta riƙa ɗiga. Ruwan da ya zuba shi ke kiran tururuwa da rina da ƙudan zuma, kuma in rina ta mamaye baki sha-fure ja da baya yake yi. In ya zo sau biyu sau uku ya tarar da gora wayam, sai ya koma ta maƙwabta. Ba su ragu a unguwa ba, gidanka suka ƙaurace wa.

Maganinsa awo ne. Kurege na tsallen kusan mita 1.5 sama, mita 2.5 zuwa 3 a gicciye. A kafa sandar ƙarfe nesa da reshe, katanga da rufi da mita 3, a ɗaura mata faifan ƙarfe mai siffar mazurari, bakinsa na kallon ƙasa, a tsayin mita 1.5. Gorar gilashi mai gindin ƙarfe ta fi ta roba jure haƙori. Mazubin hatsin sauran tsuntsaye kuwa, shi ne asalin abin da ke tara kurege, a kai shi can ɗaya gefen. Don Allah kada a shafa wa sanda mai ko man shafawa; yana manne wa gashin tsuntsu. Barkono ma kada ya shiga ruwan.

Daga Meriland: To sheƙar fa? Na ji an ce kurege yana cin ƙwai.

Daga Jojiya: Yana ci in ya ci karo da ita, har da 'ya'yan. Sai dai sheƙar ba ta wuce rabin lemon tsami ba, an ɗinke ta da zaren gizo-gizo, an lulluɓe bayanta da gansakukar itace, ka rantse kullutun reshe ne. Hankaka, maciji da tsuntsun nan shuɗi mai tukku duk suna cikin masu laifi. Manyan kuma kyanwa ce da gilashin taga ke kashe su, wani sa'in har babban ƙoƙi-ƙoƙi da ke laɓewa a jikin gora. In ka gan shi, ɗauke shi ka kai nesa.

Daga Arizona: In gora ta kwana cike ta wayi gari babu komai, ba kurege ba ne, shi da rana yake yawo. A kudancin jiharmu jemagu masu shan fure ne a ƙarshen zafi. Wajenku, Malam, rakun ne, wata dabba mai yawon dare. Shigar da gorar ɗaki bayan magariba, ka mayar kafin gari ya waye, don da sassafe tsuntsayen suka fi bukata.

Sannan ka sunsuna ruwan. Kofi 1 na farin suga, kofi 4 na ruwa, ba zuma, ba jan kala. In zafi ya haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, a canza kullum ko bayan kwana 2. Ya yi gajimare ko baƙin funfuna ya fito a baki, ya yi tsami ke nan; a wanke da ruwan zafi da ƙaramin buroshi. In kuma namiji guda ya kafa kansa a reshe yana fatattakar kowa, rataya gora ta biyu a ɗaya kusurwar gida, inda ba zai iya hango duka biyun a lokaci guda ba.