Groat: wane suna za mu ba wannan tsabar azurfa?

Mai fassara: Salamu alaikum malamai. Ana neman Hausar groat, tsohuwar tsabar azurfa ta Ingila mai darajar kwabo 4. Taro da sisi da sule duk suna da suna a bakinmu, ita ce babu. A rubuta "kwabo huɗu" kawai?

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam. Dalilin rashin sunan shi ne ba ta iso mu ba. An daina buga ta don kasuwar Birtaniya a 1855, Turawa kuwa sai 1903 suka ci Kano. Azurfar da aka buga wa Afirka ta Yamma daga 1913 taro ce da sisi da sule da dala. "Kwabo huɗu" daraja kaɗai ya faɗa, kuma yaron yau kwabon naira zai ɗauka, ɗaya cikin 100, alhali wancan kwabon 12 ne a sule, 240 a fam. Ga wani cikas: kwabo daga sunan jan ƙarfe muka aro shi, amma a farkon zamanin groat kwabon Ingila ma azurfa ne.

Hajiya edita: To Malam, "sulusin sule" fa? 4 cikin 12 ke nan, ga daɗi a kunne.

Malamin tarihi: Lissafin ya fita, Hajiya, amma suna ne na lissafi, ba na tsaba ba. Lokacin da Sarki Edward na Ɗaya ya fara buga ta a 1279, sule ƙidaya ce a takarda, babu tsabarsa sai wajen 1504. Bugun 1279 bai karɓu ba. Edward na Uku ne ya dawo da ita a 1351 ta zauna.

Maƙerin fari: A duba jikinta kafin a raɗa mata suna. Ta 1351 nauyinta giram 4.67 ne, azurfa kashi 92.5 cikin 100. A 1412 aka rage ta zuwa giram 3.9, a 1464 zuwa 3.1. Gabanta kan sarki ne da kambi yana fuskantar mai kallo, sai zamanin Henry na Bakwai aka juya fuskar gefe. Bayanta gicciye ne dogo har baki, ɗigo uku a kowace kusurwa, da zobe biyu na rubutun Latin: na ciki sunan garin da aka buga ta, kamar Landan ko York, na waje yana cewa sarki ya riƙi Ubangiji mataimakinsa. Tsawon gicciyen dabara ce: bugun guduma ake yi tsakanin hatimi biyu, baki ba ya fita daidai, sai mayaudara su yanke gefe da almakashi su tara azurfar. In ƙarshen gicciye ya ɓace, an san an taɓa ta. In kuma faifan azurfar da ake bugawa ya goce tsakanin bugu da bugu, rubutun ya fito biyu-biyu. Daga 1544 Henry na Takwas ya yi ta zuba mata jan ƙarfe har azurfar ta koma sulusi, ta fara ja a hannun mutane.

Hajiya edita: Ita kalmar kanta me take nufi?

Malamin tarihi: Babba, ko mai kauri, don ta fi kwabo girma. Kada dai a ce mata "babba": wadda aka sake bugawa a 1836 milimita 16 ce, giram 1.9, faɗinta ɗaya da taron azurfa, har ana rikita su duk da zanen Biritaniya, matar da ke wakiltar ƙasar Birtaniya, a bayanta da tsaga-tsagan bakinta.

Mai fassara: Ke nan aro ya fi, yadda aka yi wa sisi da sule. Girot ko gurot?

Hajiya edita: Bakin Bahaushe zai raba baƙaƙen farko ya ƙara wasali a ƙarshe, kamar burodi. Guroti. A karon farko a rubuta "guroti, tsabar azurfa mai darajar kwabo 4 na tsohon lissafi", daga nan guroti kawai. Ta kwabo 2 kuma rabin guroti.

Maƙerin fari: Na yarda, amma a jinsin mace: gurotin nan tsohuwa ce, kamar tsaba.

Hajiya edita: A'a Malam, ka ce "gurotin" da bakinka, ai ka mai da shi namiji. Sisi da sule ma maza ne, a bar shi tare da su.