Zan kai iyali Abuja a hutun Disamba, ina ya dace da ƙananan yara?

Abban Ilham:
Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema. Yaran nan sun isheni da zancen Abuja tunda 'yar ajinsu taje ta dawo tana basu labari, to na riga na yi musu alkawari. Mu biyar ne, ni da mamansu da yara uku, babbar shekararta 8, na tsakiya 5, sai auta da har yanzu goyonsa ake. Daga Kaduna zamu tashi. Ni Abujan da na sani bata wuce Sakatariya da Area 1 ba, aiki ke kaini in gama in juyo. Ina zamu je da zasu ji daɗi kuma kuɗin bazai fi ƙarfina ba? Sannan jirgin ƙasa yafi ko in ɗau motata?

Maman Khalifa:
Wslm Abban Ilham. Ni dai da nice ku jirgi zan hau, domin wlh a wajen yara jirgin kansa rabin yawon ne, daga Rigasa awa biyu da ɗan wani abu kun sauka Kubwa ko Idu, ga bayi a ciki ba sai kana tsayawa a hanya ba duk sanda wani yace fitsari. Amma ka sayi tikiti ta intanet da wuri, lokacin hutu ƙarewa yake.

Abinda zan ja kunnenka a kai, kada ka jera wurare biyar a rana ɗaya. Abuja ba garin tafiyar ƙasa bane, komai nesa yake da ɗan uwansa kuma Keke Napep baya shiga irinsu Maitama da Asokoro, achaba kuwa an daɗe da hanashi a cikin gari. Wuri ɗaya da safe, ku koma masauki auta yayi barci mamansa ta huta, bayan la'asar ku sake fita. Safiyar ku bawa gidan zoo na yara dake Asokoro, a gindin dutsen Aso yake, akwai jimina da birai da kada ga kuma lilo. Yamma sai Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003, fili ne da ciyawa shimfiɗe yara suyi ta gudu har su gaji. Ku tafi da tabarma da abincinku a kula, a nan ne zaka ga sauƙin.

Baffa Sani:
Hajiya ki yi haƙuri amma ban yarda da maganar jirgi ba. Mutum biyar da jakunkuna da kayan jariri, ya sauka Idu sai tasin Bolt da ake kira ta waya, zoo Bolt, masallaci Bolt, kafin ya ankara kuɗin ya ninka na mai. Malam ɗauki motarka ka fito da sassafe, kada dai ka yarda dare ya maka a hanya. Kuma a mota ne zaka tsaya wajen Madalla yara su ga dutsen Zuma da kyau, ka ciro naira 100 ka nuna musu shine a jikin kuɗin, sai kace su nemo fuskar mutum dake jikin dutsen, nawa har yau gardama suke wa ya fara gani.

Babban Masallacin Ƙasa ma ku je su ga ƙubbar nan mai ruwan zinare, sai dai banda Juma'a in da yara ne, cunkoson yayi yawa. Kuma ka ce wa madam ta ajiye waya idan kun zo wajen Villa da majalisa, jami'an tsaro basa wasa da ɗaukar hoto a can. In kuwa ka bi ta jirgin to kada ka tsayar da tasi a bakin titi, saboda 'yan wan chans, ɓarayin nan dake ɗaukar mutum a mota kamar tasi su yi masa fashi.

Ummee_Zee:
Ba wanda ya ambaci tafkin Jabi? Ana hawa kwalekwale, amma yaya ka tabbata an sa wa kowane yaro rigar ruwa kafin a tashi. Magicland kusa da City Gate shima yara na so sai dai kowane wasa da kuɗinsa, ka faɗa musu tun a gida uku uku zasu hau in ba haka ba da kuka za'a fito lol. Disamba ne fa, a riƙe rigar sanyi da basilin. Ka kuma rubuta lambarka a takarda ka sa wa na tsakiyan a aljihu, masu shekara 5 ɗinnan su ne 'yan sulalewa.

Abban Ilham:
Ngd sosai Allah ya saka. Na karanto wa madam, tace Baffa yafi gaskiya, yara kuma sun ji kalmar jirgi sun tada min hankali. To masauki fa, wane yanki?

Maman Khalifa:
Kubwa ko Gwarinpa sun fi Wuse da Maitama sauƙi nesa ba kusa ba. Kawai kada ku fito lokacin da ma'aikata ke tururuwar shiga gari, ku bari sai wajen ƙarfe 10. In ka samu mai kicin ka kama, ko ruwan zafin kunun auta ya isa dalili.