In bar banki in koma koyarwa a jami'a? Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa

Mai Neman Shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da digiri na biyu a fannin tattalin arziki, shekarata shida ina aiki a wani banki a Kano, ɓangaren takardun 'yan kasuwa masu shigo da kaya. Makon jiya wata jami'ar jiha ta ba ni takardar ɗaukar aiki, mataimakin lakcara, an ce in ba da amsa kafin ƙarshen wata. Abin da nake so in koyar kuma in yi bincike a kai shi ne ciniki tsakanin ƙasashe, musamman kayan da ke wucewa ta Jibiya da Illela da Maigatari waɗanda ba sa shiga lissafin kowa. Albashin bai kai rabin abin da nake ɗauka yanzu ba. Wannan na sani, mun zauna da mai ɗakina mun yi lissafinmu, don haka ba shi nake tambaya ba. Tambayata biyu ce. In na karɓa, a gida zan yi digirin dakta ina koyarwa, ko in nemi waje? Sannan wanda ya ɗauki wannan fannin yana samun alƙaluman yin bincike kuwa? Shekarata 34, yara biyu.

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam ka ko san nawa ne albashin? Kada ka kuskura ka bar banki.

Ɗan Ƙwalisa:
A'a ku bar shi ya tafi mana. Yallabai in ka tashi, ka turo mini sunan reshen in je in gaje kujerar, shekarata uku da gama hidimar ƙasa ina gadin shagon yayana.

Tsohon Alli:
Ƙanena, shekarata 27 ina koyar da tattalin arziki, sai dai ni ɓangaren kuɗaɗen gwamnati nake. Ka fara sanin tsanin da za ka hau: mataimakin lakcara, lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, babban lakcara, sai mai bi wa farfesa, sai farfesa. Kowane mataki aƙalla shekara uku a yawancin jami'o'i, kuma ba ka isa ka zama babban lakcara ba sai da digirin dakta da takardun da ka wallafa. Farfesa sai ya kai 70 yake ritaya, kai kuwa 34 gare ka, ba ka makara ba. Batun waje kuma, TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta dakatar da tura malamai karatu ƙetare tun farkon 2025, don haka kada ka sa ran wannan ƙofar.

Na Dawo Daga Malesiya:
Allah gafarta Malam ya gaya maka tsani, ni bari in gaya maka abin da ke ƙarƙashin tsanin, don fanninka ɗaya da nawa. A farkon 2022 na tafi Malesiya. Abin da na je bincike a kai, don ku ji ikon Allah, shi ne yadda hawa da saukar kuɗin canji ke shafar kayan da Najeriya ke fitarwa ban da man fetur. Riɗi, citta, fatu, koko. Ban san ni ne zan zama abin binciken ba.

Ina sauka da 'yan makonni aka shiga yajin aiki a gida, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas babu albashi, kuma da albashin nan iyalina ke ci. Wannan na jure. Sai ga Yunin 2023 aka saki naira. Waɗanda suka ɗauki nauyina da naira suka yi mini lissafi lokacin da dala ke ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da aka ce zai kai ni shekara ya ƙare a wata huɗu. Na rubuta takarda ta fi a ƙirga, amsar kullum ita ce ana dubawa. Na tashi daga ɗakina na koma ɗaki ɗaya da wasu samari biyu 'yan Bangaladash, tukunyar lantarki ɗaya muke dafa shinkafa bi da bi, ni ne na ƙarshe don ni nake daɗewa a laburare. Kuɗin makaranta na zangon ƙarshe, matata ce ta kai 'yan kunnenta da sarƙar aurenta kasuwa. Ba ta gaya mini ba sai da na dawo na ga kunnenta da na roba.

To na dawo da digirin. Ka san me aka ba ni? 'Yan aji ɗaya, sun fi 600, a zauren da babu lasifika. Darasin ciniki tsakanin ƙasashe kuwa yana hannun wani dattijo, da takardun da yake karanta wa ɗalibai tun kafin a fito da kuɗin yuro. Har yanzu a cikinsu Jamus da mak take ciniki. Na je na durƙusa na ce Baba ko a ba ni mako biyu in koyar da yarjejeniyar AfCFTA ta ciniki maras shinge a Afirka, ya ce in bari in girma. Da lokacin ƙarin girma ya zo, takardu biyu da na sha wuya a kansu aka ce mujallar ba ta cikin jerin da kwamiti ya sani. Wanda muke ofis ɗaya da shi bai taɓa fita ko Kwatano ba, takardunsa tara duk a mujallar tsangayarmu, ya wuce ni.

Ban ce kada ka zo ba. Amma in wani ya ce zai biya maka karatun waje da naira, ka ce ya riƙe abinsa.

Maman Biyu:
Innalillahi. Allah ya saka wa baiwar Allah nan da alheri. Ka dai mayar mata da zinarinta ko?

Na Dawo Daga Malesiya:
Hajiya, je ki tambayi kuɗin giram ɗaya yau ki dawo mu yi magana.

Ɗan Ƙwalisa:
Wato dai Dakta ya je neman ilimin canji, canji ya koya masa a aikace. Da Wapa ka je ka zauna wata uku da ka huta.

Baƙo A Amurka:
Ku yi haƙuri, amma kuskuren tun daga farko ne. Wanda yake son yin bincike na gaske a wannan fannin ba ya biyan kuɗin digirin dakta, shi ake biya. Jami'o'in nan suna yafe maka kuɗin makaranta su ba ka alawus kana taya malamai koyarwa, shekara biyar zuwa shida. Sharaɗin shi ne jarrabawar GRE ta neman gurbin karatun gaba da digiri, da lissafi mai zurfi, shekarar farko kusan duk lissafi ne, akwai jarrabawar da in ka faɗi sau biyu sai gida. Mai tambaya ya zauna a bankinsa shekara ɗaya ya shirya, ya manta da jami'ar jihar nan.

Tsohon Alli:
Kai yaro, mutum ya ce maka yara biyu gare shi da mata, kana cewa shekara shida. Alawus ɗin zai riƙe mutum huɗu? Bizar fa? Ka taɓa tsayawa gaban aji a ƙasar nan ko sau ɗaya? Wanda bai sha ƙurar alli ba ya daina ba mu shawara daga inda wuta ba ta ɗaukewa.

Baƙo A Amurka:
Ranka ya daɗe, da girmanka, kai ma ka ce ba fanninka ba ne.

Tsohon Alli:
Ba fannina ba ne, amma na zauna a kwamitin da ya yi wa 'yan fannin ƙarin girma tun kana firamare.

Malama Mai Stata:
Kun bar mutum da tambayarsa. Malam, ni a gida na yi nawa, kuma a kan ciniki. Alƙaluman hukuma akwai su kyauta: Comtrade na Majalisar Ɗinkin Duniya, WITS na Bankin Duniya, rahotannin hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS da na Babban Banki. Da su kowa ke yin lissafin nan na girabiti, wanda ke cewa ciniki tsakanin ƙasa biyu yana ƙaruwa da girman arzikinsu, yana raguwa da nisan da ke tsakani. An yi shi har ya gundure. Abin da kai kake so ba ya cikinsu, don buhun geron da ya bi ta bayan gari a kan babur ba wanda ya rubuta shi. Sai ka je da ƙafarka, ko ka bi ta farashi. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris ɗin 2024. In ka samu farashin wake da shinkafa da albasa a Dawanau da Jibiya da Maraɗi kafin rufewa da bayanta, ka samu digirinka. Wannan kuwa wanda ke Katsina ya fi wanda ke Amurka kusa da shi. Ka kuma nemi AERC, cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka da ke Nairobi, suna ba da tallafin bincike, suna da shirin digirin dakta na haɗin gwiwa da Jami'ar Ibadan ke ciki. Ni dai abin da ya cinye mini kuɗi shi ne wallafawa, takarda ɗaya na biya dala 900.

Ɗan Sabon Gari:
Dala 900? Abokina naira dubu 30 ya biya, sati biyu ta fito.

Malama Mai Stata:
Wadda ta fito a sati biyu ko mai mujallar bai karanta ta ba.

Baƙo A Amurka:
Manyan mujallun fannin da yawa kuɗin miƙawa kawai suke karɓa, bai kai kusa da haka ba, wasu ma ko sisi. Sai dai ka jira shekara.

Na Dawo Daga Malesiya:
Ni dala 1,400 aka nema a wurina, don mujallar tana cikin Scopus, jerin mujallun da duniya ta amince da su. Ita ce ɗaya daga biyun da kwamiti ya ce bai sani ba.

Ɗan Maraɗi:
Ni fa na ɗauka araha ce da na ga dala 900, don mu nan dala tamma biyar ce ta sefa, na ce jikka huɗu da rabi ai ko ɗan makaranta ya biya. Sai daga baya na gane ta Amurka kuke nufi. Mu a nan ƙarin girman malamin jami'a ba a cikin gida ake yanke shi ba, takardunka CAMES ake kai wa, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, cibiyarta na Wagadugu, malaman wasu ƙasashe su duba. 'Yan tattalin arziki har gasa suke shiga ta baka gaban alƙalai. Da wuya, amma dattijon sashenku ba shi da ta cewa.

Tsohon Alli:
Mu ma daga mai bi wa farfesa zuwa sama waje ake aika takardun. Sai dai su yi shekara biyu a durowar wani.

Alhaji Na Dawanau:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, ɗana ne ya nuna mini wannan hirar. Shekara talatin ina kai hatsi Maraɗi ina dawowa da wake. Duk masu digirin nan ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni komai, sai wasu Turawa biyu da tafinta shekarun baya. Yaro in za ka yi binciken, ka fara da shingayen hanya. Daga Katsina zuwa Jibiya tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ka ƙirga sau nawa direba ke miƙa hannu ta taga. Wannan kuɗin a kan buhu yake komawa, sai a ce 'yan kasuwa ne suka ɓoye abinci.

Ɗan Sabon Gari:
Alhaji ai wasunku suna ɓoyewa, kada mu yi ƙarya. Na ga rumbuna da idona.

Alhaji Na Dawanau:
Ajiya daban, ɓoyo daban. Wanda ya saya da kaka ya sayar da bazara tun kakanninmu ake yi. Ka taɓa biyan kuɗin maganin ƙwari da na masu gadi wata shida?

Mai Neman Shawara:
Na gode ƙwarai. Malama, shirin nan na Ibadan, sai mutum ya ajiye koyarwa ko ana haɗawa? Saura kwana tara in ba su amsa.

Ɗan Maraɗi:
Alhaji gaskiya ka faɗa, amma naku ɓangaren ya fi. Daga Dan Issa zuwa Maraɗi ba a tsayar da mu kamar yadda ake yi daga Magama zuwa Katsina. Watan jiya na ƙirga goma sha bakwai.

Alhaji Na Dawanau:
Sha bakwai a motar fasinja ke nan. Hau babbar mota da kaya, da dare, ka sake ƙirgawa.

Ɗan Ƙwalisa:
Har da na yaran da ke cike rami da shebur kuka ƙirga, ko na masu kaki kaɗai?