Bikin ƙawata a Jaipur: in ɗaura sari ko in tsaya a anarkali?

Ummi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina karatu a Greater Noida, kusa da Delhi. Ƙawata 'yar ajinmu za ta yi aure a watan Disamba a garinsu Jaipur, kuma ta kafe lallai sai na zo. Mabiya addinin Hindu ne. Zama uku katin ya nuna: ranar lalle, daren kiɗa da rawa da suke kira sangit, sai daren auren kansa. Mamarta ta aiko a gaya min in sa kayansu.

Na leƙa kasuwar Chandni Chowk da ke Delhi na dawo kaina na juyawa. Wannan ya ce lehenga, wancan ya ce anarkali, wani ya ciro sharara. Ni dai raina yana kan sari, tun ina yarinya nake sha'awarsa a fina-finan Indiya. Sai dai ban taɓa ɗaurawa ba, kuma ba na fita babu lulluɓi, balle in bar ciki da baya a waje. Rupi dubu 15 ne a hannuna, har da kuɗin tela. Don Allah a ba ni shawara.

Maman Khalil:
Wa alaikis salam ƙanwata. Mun zauna a Hyderabad lokacin da maigidan ke karatu, na ɗaura sari ba adadi. Kada batun sutura ya hana ki, wannan mai sauƙi ne. Rigar ciki tela ke ɗinkawa, sai ki ce ya sauko da ita har ƙugu, hannu har wuyan hannu, wuya a rufe. Matan Musulmi da yawa a can haka suke sawa, su ɗora gyale a kai. Akwai ma ɗaurin Gujarat, wanda gefen nan mai ado yake zagayowa ta baya, ya haura kafaɗar dama, ya sauko gaba ya rufe ƙirji da ciki. A Rajasthan ma, jihar da Jaipur take, an san shi, ba wanda zai yi miki kallon baƙuwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tafiya a cikinsa. Yadi ne mai tsawon kusan mita biyar da rabi, ba maɓalli ba zif. Abin da ke riƙe da shi duka siket ɗin ciki ne, wanda ake ɗaure igiyarsa tamau har ta yi miki shaida a ƙugu. A nan ake soke yadin, a yi tattara a gaba a tura ƙasan cibiya, a kama da fil. Kuma sai kin sa takalmin da za ki fita da shi kafin a fara ɗauri, in ba haka ba ya ɗage ko ya ja ƙasa. In kin dage, ki nemi jojet, yana da laushi yana bin jiki. Silikin Banaras da na Kanchipuram sun fi kyau nesa ba kusa ba, amma zaren zinaren da ke jikinsu yana sa su nauyi da tauri, kuma na asali ya fi ƙarfin aljihunki.

Falmata:
Mu da muka tashi da laffaya a Maiduguri wannan ai wasa ne. Ki ɗaura abinki Ummi, kwana biyu a gaban madubi kin iya.

Maman Khalil:
Falmata, ba ɗaya ba ne fa. Laffaya a kan doguwar riga kike naɗa ta, ko ta warware kina cikin suturarki. Sari in wani ya taka bakinsa a filin rawa, tattarar gaba ce za ta zube gaba ɗaya, siket ɗin ciki ne kawai zai rage. Na ga ya faru da wata baiwar Allah a wajen liyafa, sai da mata suka yi mata katanga da mayafansu aka kai ta ɗaki.

Hajiya Bilki:
'Yata, ni sana'ata ce, daga Delhi da Surat nake sarin kayan nan ina kawowa Kano. Ki cire lehenga a lissafi. Siket ne mai faɗi da 'yar riga da mayafi, kuma kyansa yana cikin nauyin aikin duwatsu da zare. Mai arha a hoto yake burgewa, a ido kuwa duwatsun manna su aka yi da gam, kafin a tashi biki kin fara tsintar su a ƙasa. Mai kyau kuma zai cinye kuɗinki duka, ki sa sau ɗaya ki rasa inda za ki sake zuwa da shi. Ga cin wuri a akwati ranar da za ki dawo gida.

Anarkali za ki saya. Doguwar riga ce mai kama ƙirji ta buɗe daga nan har ƙasa, da wando a ciki, da mayafi. Kin rufu ruf, za ki zauna a ƙasa, za ki taka rawa, kuma gobe ki sa ta ranar sallah a gida ba mai cewa komai. Ki juya bayan yadin ki duba aikin: in kin ga zare ya ratsa, ɗinki ne, in kin ga sumul, gam ne. Kuma kada ki biya farashin farko a Chandni Chowk, musamman da sun ji harshenki.

Zainab Abu:
Ba wanda ya taɓo launi, kuma shi ne zai iya ba ki kunya. A arewacin Indiya ja na amarya ne, shi da jan da ya yi duhu. Fari zalla a wajen 'yan Hindu kayan makoki ne, matan da mazansu suka mutu ake sani da shi. Baƙi kuma tsofaffinsu ba sa son ganinsa a wajen aure. (A Kerala fari mai bakin zinare shi ne kayan kwalliya, amma ke ba can za ki ba.) Ranar lalle kore da ruwan ɗorawa suka fi yawa. Sauran ranakun ki nemi shuɗi, ruwan hoda, ruwan goro ko shunayya. Ki kuma tambayi amarya ko danginta sun ware wa kowace rana launi, yanzu suna yawan yin haka.

Dr. Rabi:
Abu biyu kawai. Na farko sanyi. Daren Disamba a Jaipur yana iya sauka ƙasa da digiri 10, kuma yawanci a fili ake auren, wani lokaci sai tsakar dare ango da amarya suke zagaya wuta don ƙulla auren, saboda malamansu ne ke tsayar da sa'a. Anarkali tana ɓoye rigar sanyi da safa a ciki, sari mai shara-shara kuwa sai haƙoranki sun haɗu. Na biyu alwala. Wandon curidar da ke zuwa da anarkali matsattse ne daga gwiwa zuwa idon sawu, hannun rigar ma haka suke tsuke shi. Ki sa tela ya saka ɗan zif a bakin hannu, ko ya sassauta yadda zai wuce gwiwar hannu. In ba haka ba magariba za ta riske ki kina kokawa da riga a banɗakin otal.

Asma'u Lucknow:
Ni sharara zan zaɓa wa daren rawa. Wando ne mai buɗaɗɗiyar ƙafa kamar siket, da riga zuwa cinya. Kada mai shago ya haɗa ki da garara a madadinsa. Ita a gwiwa ake yanka ta a yi tattara, kayan manyan gidajen Musulmin Lucknow ce, tana cin yadi tana kuma jan ƙasa. Na ranar lalle kuwa kada ki kashe kuɗi. Salwar kamis, wato riga da wando, mara nauyi mai hannun da zai naɗu ya isa, tunda awanni za ki yi hannu a shanye. Ki bar sayen mayafinsa sai kin isa Jaipur, ki shiga Bapu Bazaar ki ɗauki bandani, rinin ƙulli mai ɗigo-ɗigo da aka san su da shi.

Maman Khalil:
Na manta ban faɗa ba. Tunda mamar amarya da kanta ta ce ki sa kayansu, ki nemi aron sari a wajenta don daren auren. Ba abin kunya ba ne a can, daɗi ma za ta ji, kuma akwatinta ya fi duk abin da dubu 15 za ta saya miki. A gidan biki ba a rasa gwaggon da za ta ɗaura miki cikin minti kaɗan. Daren nan kuma zama da kallo ne aikinki.

Ummi:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na kira ƙawar tawa yanzu, mamarta ta ce akwai wani shuɗi na Banaras da za ta ba ni, ƙanwarta za ta ɗaura min irin na Gujarat ɗin nan. Zan sayi anarkali ta daren rawa, in sa salwar ɗin da nake da shi ranar lalle. Saura rigar cikin sarin, a nan zan ɗinka ko in bari sai na je?

Hajiya Bilki:
A nan, kuma cikin satin nan. Daga Nuwamba telolinsu ba sa ɗaga kai, lokacin aure ne. Ki ce ta turo hoton sarin da ta ɗauka da rana, ba a hasken fitila ba, ki je da shi shagon yadi a daidaita miki launi. Ki haɗa da siket ɗin ciki mai launi ɗaya, da shawul mai kauri. In tela ya ce ki zo ran Asabar, ki ce masa Laraba za ki yi tafiya.