Wace kalma ce za ta ɗauki "gender pay gap" a Hausa?

Jama'a, masu Hausa a baka, ku taimaka. Muna shirya tattaunawa da mata ma'aikata a Kakuri kan aikin mata a lokacin yaƙi, sai muka cije a kan "gender pay gap", wato bambancin da ke tsakanin abin da maza da mata ke samu na albashi. Wasu na rubuta "giɓin albashi". Ni dai bai kwanta mini ba, domin giɓi gurbin abu ne da ya kasance sannan ya fita, kamar haƙori. Matan nan kuwa ba a taɓa ba su cikakken kuɗin ba balle ya zube.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, da maza suka tafi fagen daga, mata ne suka cika masana'antun harsashi a Ingila. Sinadarin TNT mai fashewa ya riƙa mayar da fatarsu rawaya har ana ce musu kanari, amma abin da suke kaiwa gida bai kai na maza ba. A 1918 kwandastoci mata na motocin bas a Landan suka shiga yajin aiki sai an ba su ƙarin alawus irin na maza. Yaƙi na ƙarewa, wata doka ta 1919 ta mayar wa maza gurabensu. A Amurka ma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mata ma'aikata sun tashi daga kusan miliyan 12 a 1940 zuwa kusan miliyan 19 a 1945, sojoji na dawowa aka sallami da yawansu. Dokar biya daidai ba ta zo ba sai 1963, Ingila kuma 1970.

Wata Hajiya da ta yi aikin masaƙa ta amsa mini: "Ɗana, sunansa ƙwara, kada ka yi masa kwalliya." Hajiya, kin yi gaskiya idan aiki ɗaya ne aka biya mace ƙasa da namiji. Wannan ƙwarar albashi ce, kuma sashe na 17 na tsarin mulkinmu na 1999 ya ce aiki iri ɗaya, biya iri ɗaya.

Sai dai wadda aka cire daga kan inji aka mayar shara ko wanki, ba za ta iya nuna namijin da suke aiki ɗaya ba, alhali an bar ta a baya da nisa. Nan ne shawarar wani malami daga Tudun Wada ta fi dacewa: rata. Malam, na karɓa.

Don haka a tattaunawar za mu ce "ratar albashi tsakanin maza da mata", mu ajiye "ƙwarar albashi" ga aiki ɗaya biya biyu. Saura masu ƙwadagon yini da ba su da albashi. Shin "ratar lada" ta yi musu?